Darasin Romaniya ga Agadas

Ɗalibin Agadas da ya tafi Romaniya karatun siyasa zai tarar da irin ciwon da ya baro gida. A watan Maris 1990 Romaniyawa da tsirarun Hungariyawa suka zubar da jinin juna a garin Targu Mures. A watan Mayu aka yi kashe-kashen Cintabaraden. Amma a 1996 jam'iyyar Hungariyawa ta shiga gwamnati, kuma jami'ar Kuluj tana koyarwa da harshensu. Nijar ta ƙulla sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, sai ga tawaye ya dawo a 2007. Wajibi ne hukuma ta ba irin waɗannan ɗalibai aiki idan sun komo, domin ƙasa na bukatar abin da suka gano.