Arewa na rataye da waya ɗaya

Da asubahin ranar 21 ga Oktoban 2024, babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir kusa da Makurdi ya katse. Nan take wuta ta ɗauke a Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Gombe, ba a fara ganinta ba sai ranar 30 ga watan. Masu niƙa da masu walda suka zauna zaman kashe wando, ƙanƙara ta yi tsadar da ba a saba gani ba, asibitoci suka koma kan dizal, cajin waya ma sai an bi layi.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan duhu bai zo ba zato ba tsammani ba. Tun kafin hakan aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando, wanda shi ne babbar hanyar wutar Kaduna da Kano, kuma injiniyoyin kamfanin TCN mai kula da manyan layukan wuta suka kasa shiga dajin don gyara saboda 'yan bindiga. Daga ranar, wutar da za ta zo Kano sai ta kewaya ta Enugu da Benuwai da Filato, alhali madatsun Shiroro da Kainji da Jebba duk a Arewa suke. Kwanaki aka yi yankin na rataye da hanya ɗaya, kuma duk wanda ke ɗakin kula da layukan ƙasa a Osogbo ya san haka.

Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan wannan, wadda suke kira N-1. Ana ɗaukar layuka da taransufomomi ɗaya bayan ɗaya a lissafin kwamfuta, a ce idan wannan ya faɗi yanzu, ina wutarsa za ta bi? Ragowar layukan za su iya ɗaukar nauyin ba tare da sun yi zafi sun katse ba? Ƙarfin wutar zai tsaya daidai a can ƙarshen layi, ko zai zube? Tsarin da ya amsa sunansa dole ya jure rashin kowane ɗaya. Da zarar ɗaya ya faɗi kuwa, sai a sake lissafin tun daga farko, domin na biyun ne ke jefa yanki a duhu. Faɗuwar Shiroro zuwa Mando ita ce gargaɗin, amma hukuma ba ta ɗauke ta da zafi ba sai da na biyun ya bi sahu.

Ba shi ne karon farko ba. Maiduguri ta sha wannan azaba tun daga Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun layin Damaturu, har sai da aka gina mata tashar gas mai megawat 50 da aka ƙaddamar a 2023. A ganinmu darasin a fili yake: tashar da ke kusa da masu amfani da wuta ta fi dogon layin da ke ratsa dajin da jami'an tsaro ma ke shakkar shiga. Ga tashar Kudenda a Kaduna, mai megawat 215, an shafe fiye da shekara goma ana jiranta.

Yanzu da aka raba aikin kula da tafiyar wuta daga TCN aka miƙa wa hukumar NISO, muna kira gare ta da ta riƙa fitar da sakamakon wannan lissafi a bainar jama'a, ta faɗi garuruwan da ke kan layi ɗaya da kuma ranar da za a ja masu na biyu. Gwamnonin Arewa kuma, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu da tsara kasuwarta. Su zauna da KEDCO da sauran kamfanonin rarraba wuta na Kaduna da Jos da Yola, su fara da asibitoci da gidajen ruwa, a tanadar masu wutar da ba ta jiran Ugwuaji.