Nasiha a kan Haƙƙin Masu Ɗaukar Majinyata a Lokacin Annoba

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta yau a kan mutanen da ake kira ne idan gobara ta tashi, ko numfashi ya sarƙe wa majinyaci cikin dare, wato masu motar asibiti da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda. Annobar Korona ta shekarar 2020 ta bar mana hujja a kansu, ba ya kuwa halatta ga mai hankali hujja ta zo masa ya ƙi aiki da ita.

Ku sani Allah Maɗaukaki ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga, jiki yakan ƙera makamin da ya dace da ita, ya bayyana cikin jini bayan mako ɗaya zuwa uku, ya zauna watanni bayan cutar ta tafi. Likita idan ya ɗebi jini ya same shi, ya san cutar ta bi ta nan, kamar yadda makiyayi ke ganin sawun kura da safe ko da bai ji kukanta ba. Da yawa sun kamu ba su ko kwanta ba, sai jininsu ya ba da shaida.

To, a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, daga watan Mayu zuwa farkon Yuli na 2020, tun allurar rigakafi ba ta fito ba, aka auna jinin ma'aikata 22,647 daga masu agajin gaggawa da masu tsaron jama'a. Aka sami alamar cutar ga kashi 22.5 cikin ɗari, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana suna kusa da haka. Amma masu ɗaukar majinyata a mota sun kai kashi 38.3, gandirobobi kashi 39.2, alhali masu aikin ɗakin gwaji kashi 10.1 ne, masu binciken gawa kuwa kashi 10.8.

Ku dubi wannan da idon basira. Korona numfashi take bi, mamaci kuwa ba ya numfashi. Wanda ya shiga ɗakin majinyaci ya tallabe shi, ya zauna da shi cikin mota a rufe yana shaƙar abin da ya fitar, shi ne ya ɗauki nauyin da ya fi, haka wanda ke tsaron ɗaurarru cikin cunkoso. Kada wani ya yi kiyasi da wannan a kan kowace cuta, domin zazzaɓin Lassa yana kama mutum daga jini da ruwan jikin mamaci, wanka a nan sai da kariya.

Mu ma annobar ta same mu. A watan Afrilu na 2020 masu haƙa kabari a Kano suka koka da yawan gawa, daga baya Ministan lafiya na lokacin ya ce an ƙidaya mamata 979, rabinsu ko fiye ana zaton Korona ce sanadi. A garuruwanmu kuwa wa ke kai majinyaci asibiti? Sau da yawa maƙwabci ne, ko ɗan agaji, ko mai adaidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa, ba takunkumi ba safar hannu.

Malamai sun tabbatar ceton rai farilla ce ta kifaya, idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga wuyan saura. Ashe waɗannan bayin Allah nauyinmu suke ɗauka. Zalunci ne mu tura su gaba mu bar su hannu sake, su kwaso cuta su kai wa iyalinsu.

Domin haka muna kira ga abu uku. Na farko, hukuma ta tanadi takunkumi da safar hannu tun annoba ba ta sauka ba, ta fara da masu ɗaukar majinyata wajen rigakafi da awon jini. Na biyu, wanda ya kamu a bakin aiki a yi masa magani, a ci da iyalinsa har ya tashi. Na uku, kowane masallaci mai 'yan agaji ya ware wani abu daga sadakarsa ya saya musu kariya, ya nemo mai ilmin lafiya ya koya musu.

Mai cewa wannan raunin tawakkali ne, ya tuna Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta faɗa can, ita ce ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara musu yarda. Mai cewa Korona ta wuce, ya tuna mashaƙo ya kashe yara a Kano a 2023, sanƙarau kuma yakan zo da rani.

Allah ya tsare masu tsare mu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki, ya sa mu cika da imani. Wassalamu.