RA'AYI: Mujallar kiɗan rok ba daga bango ake fara ta ba

A ranar 9 ga Nuwamba, 1967, wata sabuwar mujalla ta fito a birnin San Francisco na ƙasar Amurka. Wanda ya kafa ta, Jann Wenner, yana da shekara 21, ya bar jami'a bai kammala ba, kuma jarinsa duka Dala 7,500 ne, wanda ya tattaro daga danginsa da dangin matar da zai aura. Abokin tafiyarsa, Ralph Gleason, dattijo ne ɗan shekara 50 da ya daɗe yana sharhin kiɗa a jaridar San Francisco Chronicle. Suka raɗa wa mujallar suna Rolling Stone, suka yanka mata kuɗi santi 25, suka ɗora hoton John Lennon na ƙungiyar Beatles a shafin farko. Yawancin kwafen wannan fitowa sun dawo ba a saya ba. Amma yau fiye da shekara 50 ke nan mujallar tana fita.

Duk mai sha'awar tsara mujalla ya kamata ya nemi hoton wannan fitowa ta farko ya duba ta da kyau. Kiɗan rok a wancan zamani kiɗa ne na jitar lantarki mai amo, na matasa masu dogon gashi da suka bijire wa iyayensu, suka bijire wa yaƙin Biyetnam. Jaridun matasan garin, irin su San Francisco Oracle, sun ɗauka cewa tilas shafi ya yi kama da kiɗan, don haka suke zuba rubutu da tawada kala-kala a kan zane mai murɗe-murɗe, har sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya gane kalma. Wenner ya bi wata hanya dabam. Baƙar tawada ya sa a kan takardar jarida, da haruffa irin na manyan jaridu, rubutu a jere sahu-sahu, kowane shafi an kewaye shi da layi biyu, mai kauri da siriri. Tsarin ma aro ne daga jaridar Sunday Ramparts inda ya taɓa aiki. Oracle ta rufe a 1968 bayan fitowa 12 kacal.

Abin da nake gani a nan shi ne, Wenner ya amsa wata tambaya tun kafin ya je maɗaba'a: wa zai karanta, kuma yaya yake so a ɗauke shi? Mai karatunsa matashi ne da kowa ke kallon abin da yake saurare a matsayin shirmen yara. Shafi mai natsuwa ya faɗa masa cewa kiɗansa ya isa a yi masa dogon rubutu, irin wanda ake yi wa majalisa ko kotu. Saboda wannan natsuwa ce mujallar ta iya ɗaukar nauyin labarin Altamont, wato gangamin kiɗan da aka yi a Kalifoniya a Disambar 1969, inda ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar masu babura ta Hells Angels da aka ɗauka gadi ya kashe wani matashi da wuƙa a gaban dandali. Rahoton mujallar ya ci shafuka da yawa, ya bi diddigin wanda ya shirya taron da wanda ya yi sakaci. Da a ce an buga shi da jar tawada a kan zanen fure, babu wanda zai ɗauke shi da gaske.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sukan kawo mujallar Ray Gun, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1992, da mai tsara mata shafi David Carson. Carson ya karya duk wata ƙa'ida da aka sani: layuka suna hawa kan juna, hoto a kife, kanun labari a yanke. A 1994 aka kawo masa wata hira da mawaƙin Ingila Bryan Ferry, ya karanta ya ga ba ta da armashi, sai ya juya ta gaba ɗaya zuwa wasu alamomi na taurari da kibiyoyi da ba a karantawa. Har gobe ana koyar da wannan shafi a makarantun zane, kuma ba na musun cewa Carson ya buɗe wa masu zane ido. Sai dai a tuna da abu biyu. A ƙarshen wannan fitowa sai da suka sake buga hirar da haruffan da ido ke iya bi. Sa'annan Carson ya bar mujallar a 1995, ita kuma ta mutu a shekarar 2000. Sunan da ya rayu na mai zanen ne. Da wuya ka sami wanda zai tuna maka wani marubuci da ya tashi a shafukanta.

Wasu kuma sukan ambaci Sniffin' Glue, ƙaramar mujallar da Mark Perry, wani akawun banki, ya fara a Landan a 1976 da keken rubutu da alƙalamin maka da injin fotokwafi. Mummuna ce in dai kyan shafi ake magana. Amma Perry ya san mai karatunsa sarai, ya san ba shi da kuɗi, ya san a shagon faifai zai same shi, kuma kowace kalma a cikinta tana karantuwa. Wato shi ma lissafi ya fara yi.

To, mene ne wannan lissafi? Abu na farko da ake zanawa a ɗakin mujalla shi ne taswirar shafuka, takarda guda da aka yi wa akwatuna, kowane akwati shafi ɗaya. Maɗaba'a ba ta buga shafi ɗaya-ɗaya. Babbar takarda take bugawa ta naɗe ta, galibi shafi 16 a lokaci guda, don haka mujalla mai shafi 64 naɗi huɗu ce, kuma wanda ya ce zai ƙara shafi biyu saboda wata hira ta yi tsawo, ya nuna bai taɓa biyan kuɗin bugu ba. A kan wannan taswira ake yanke inda talla za ta zauna, inda gajerun labarai za su buɗe wa mai karatu ƙofa, inda babban labari zai miƙe ƙafa, da inda sharhin sababbin faifai zai rufe. Mai karatu na son ya san inda zai sami abin da ya saba samu, kamar yadda mai zuwa kasuwar Wuse ya san layin masu atamfa ba tare da ya tambaya ba. In wannan ya zauna, mai zane na iya yin wasansa a cikin babban labari yadda ya ga dama, ba wanda zai ɓata.

Sai batun da ya fi kowanne wuya, kuma shi ne wanda masu mafarkin mujalla suka fi gudun tattaunawa. Masu ba mujallar kiɗa talla su ne kamfanonin faifai, kuma kayan waɗannan kamfanoni ne ake yi wa sharhi a shafi na gaba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Rolling Stone ɗin da na yaba ba ta tsira daga wannan ba. A 1973 Wenner ya kori marubuci Lester Bangs saboda wani sharhi da ya ga ya ci mutuncin mawaƙa, Bangs ya ci gaba da zuba wutarsa a mujallar Creem ta Detroit. A 1996 aka hana buga sharhin da Jim DeRogatis ya yi na kushe wani faifai na ƙungiyar Hootie and the Blowfish, wadda ke tashe a lokacin, aka maye gurbinsa da mai daɗin ji. Da ya yi magana a waje, aka sallame shi. Mujallar da ba ta rubuta wa kanta doka a kan wannan tun ranar farko ba, cewa sashen talla ba shi da ta cewa a shafin sharhi, za ta wayi gari ta zama maroƙiya. Mu kuwa mun san roƙo, mun san darajarsa a inda ya dace, amma babu mai fitar da kuɗinsa duk wata don ya sayi kirarin wani. Ma'aikatan da ke karanta wannan shafi sun san mujallun da ake bugawa a ma'aikatu da takarda mai sheƙi, hoton mai gida a kowane shafi yana yanke ƙyalle, sun kuma san inda suke ƙarewa: a ƙarƙashin teburin baƙi, ko a hannun mai ƙosai.

A cikin kasafin kuma a ware albashin mutumin da ba a ganin sunansa, wato mai bin kowane suna da kwanan wata da zargi ya tabbatar kafin a buga. Za a ce ina kare sana'ata ne, to, a duba abin da ya faru. A Nuwambar 2014 Rolling Stone ta buga labarin wani fyaɗe da aka ce an yi a Jami'ar Virginia, ba tare da an tuntuɓi mutanen da suka kamata ba. Labarin ya rushe. A Afrilun 2015 ta janye shi bayan binciken makarantar koyon aikin jarida ta Jami'ar Columbia, kuma a 2016 kotu ta yanke diyyar Dala miliyan 3 ga wata jami'ar makarantar da labarin ya ɓata wa suna.

Bango, wanda kowa ke ɗokin farawa da shi, a ƙarshe yake zuwa, domin alkawari ne na abin da ke ciki. Annie Leibovitz ta ɗauki hoton John Lennon da matarsa Yoko Ono a ranar 8 ga Disamba, 1980, sa'o'i kaɗan kafin a harbe shi a ƙofar gidansa a New York. Da mujallar ta fito a Janairun 1981, ba a rubuta komai a bangon ba sai sunanta. A 2005 ƙungiyar editocin mujallu ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin bangon da ya fi kowanne a cikin shekara 40. Editan da ya yi shekara 13 yana gina amana da masu karatunsa ne kaɗai zai iya yin shiru irin wannan a bango, a kuma gane abin da yake nufi.

Na san za a ce zamanin takarda ya wuce. NME ta Ingila, wadda ta fara a 1952, ta koma rabawa kyauta a 2015, ta daina fita mako-mako a takarda a 2018. Mujallar Q ta rufe a 2020. Gaskiya ne. Amma tambayoyin ba su canja ba don shafi ya koma fuskar waya: wa zai karanta, wa zai biya, wa zai tabbatar da labari, a ina za a ajiye shi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta shafe mu. Nijeriya ta yi nata zamanin na rok bayan yaƙin basasa. An yi BLO da MonoMono a Legas, an yi The Funkees daga Gabas, an yi Ofege, 'yan makarantar St. Gregory's da suka fitar da faifai a 1973 suna ɗalibai. A shekarar ce kuma Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi faifansa a ɗakin ɗaukar sauti na EMI. Labarin waɗannan mutane a warwatse yake cikin shafukan nishaɗi na tsofaffin jaridu, kuma da aka tashi tattara shi a 2016, wani kamfani ne na Los Angeles, Now-Again, ya buga shi, da rubutun ɗan Nijeriya Uchenna Ikonne. Mai son karanta tarihin kiɗan ƙasarsa sai ya biya da Dala.

Irin haka na faruwa a arewa da mu yanzu. Jitar Abzinawa ta kai Tinariwen ta Mali ga lambar Grammy a 2012, ta kai Bombino na Agadez ga shiga jerin masu takarar lambar a 2019. Mdou Moctar, wanda mujallun rok na Turai da Amurka ke yi wa shafuka a yau, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin sautin waƙoƙin Hausa na sutudiyo. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a cikin Sahara har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya bi sawunsa. Yawancin abin da aka rubuta game da shi da Turanci ne da Faransanci, harsunan da da yawa daga cikin masu rawa a bukukuwan da ya fara kaɗawa ba sa karantawa.

In wani ya tashi yin mujalla don wannan kiɗa da Hausa, ba zai fara daga babu ba. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999 ta nuna cewa Bahaushe na sayen rubutu a kan abin nishaɗinsa, kuma yau masu binciken tarihin finafinan Hausa tsofaffin kwafenta suke nema. Zai buƙaci wakili a Agadez da wani a Yamai, da mai jin Tamashek da zai fassara abin da waƙoƙin ke cewa, da farashi biyu, na Naira da na Sefa. Kuma kafin ya biya mai zane ko kwabo, ya buɗe samfurin haruffan da aka zaɓa masa ya buga ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, masu kauri da na karkace. Da yawa daga cikin haruffan ado da masu zane ke so ba su da waɗannan baƙaƙe, kwamfuta sai ta aro su daga wani samfurin ko ta bar akwati a gurbinsu, kuma kalmar kiɗa kanta tana cikin waɗanda za su fara lalacewa.