Bashin Da Ya Dace Da Lokacin Samunka

'Yan'uwa, a 'yan shekarun nan mun ga yadda karɓar bashi ya zama abu mai sauƙi a ƙasar Hadejia. Da, sai mutum ya je wurin ɗan'uwa ko ya jira kwasarsa a adashi. Yanzu saƙo ne ke shigowa waya cewa an amince a ba ka kuɗi, ko ma'aikacin banki ya ce ga katin bashi ka sa hannu. A shekarar 2024 ma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar CREDICORP domin ma'aikata su riƙa sayen kaya bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba mu ce kada a ci bashi ba. Ra'ayinmu shi ne, kowa ya zaɓi wanda ranar biyansa ta yi daidai da ranar da kuɗi ke shigo masa.

Da farko mu bambanta katuna biyu. Katin ATM da yawancinmu muke miƙa wa mai POS, ko Verve ne ko Mastercard, kuɗinmu ne ke ciki. In sun ƙare, shi ke nan. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Ana ba ka 'yan makonni ka mayar ba tare da ƙari ba. In ranar ta wuce ba ka biya duka ba, kuɗin ruwa ya fara hawa kan abin da ya rage, wata bayan wata.

Wannan tsari an yi shi ne domin mai albashi. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke sayen abinci da magani a tsakiyar wata, kuma ta tabbata za ta biya duka da zarar albashi ya shigo, katin zai iya yi mata amfani. Amma ta tambayi abu uku kafin ta sa hannu: nawa ne kuɗin ruwa a wata, nawa ne kuɗin riƙe katin a shekara, kuma wane tara ake ci in an makara. In kuwa albashinka yakan yi jinkiri, ka sani banki ba zai yi jinkiri tare da shi ba.

Manomi fa? Wanda ya shuka alkama a fadamar Auyo cikin Nuwamba ko Disamba ba zai ga kuɗinta ba sai wajen Maris ko Afrilu. Mu yi lissafi. A ce ya karɓi naira 100,000 don taki da man injin ban ruwa, a kan kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari kowane wata. Naira 5,000 ke nan duk wata, watanni biyar 25,000, tun bai ɗaure buhu ɗaya ba. Da me zai riƙa biya kafin girbi? Da wani bashin, ko da akuyar matarsa. Shi ya sa shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015, duk da matsalolin da ya gamu da su, ya ɗaura biya a kan lokacin girbi. Manomi ya nemi irin wannan sharaɗi a ƙungiyar manoma ko bankin noma, ko ya dogara ga adashi.

Kada kuma mu manta da kogin da muke zaune a bakinsa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonaki a Hadejia, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Ruwa ya tafi da shinkafa, bashi ya zauna. Duk mai noma a fadama ya tambayi mai ba shi rance tun da wuri: in ruwa ya ci gonar, me zai faru? A rubuta amsar a takarda.

Bashin waya kuwa, a yi hattara ƙwarai. A 2022 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, domin suna aika wa mutanen da ke cikin wayar wanda ya ci bashi saƙonnin cin mutunci. Mu da ba mu da yawa a wannan yanki, kowa ya san kowa, kuma sunan mutum ɗaya in ya ɓaci yakan shafi jama'arsa duka.

Kalma ta ƙarshe ga dattawa. Sau da yawa ku ake kawo wa takarda ku tsaya wa wani. Ku karanta, ku tambayi yaushe kuɗi ke shigo masa, kuma ku sani in ya kasa, ƙofarku za a buga. Ƙin sa hannu a kan bashin da zai karya ɗan'uwa taimako ne gare shi. Muna kuma roƙon shugabannin zumuntar mata da na matasa su keɓe zama ɗaya kafin noman rani, a zo da takarda da alƙalami, a yi wannan lissafi tare.

Ubangiji ya ba mu hikima.