Kifin Masar da Albasar Yawuri

Duk wanda ya ce mutanen bakin tafkin Kainji ba su da abin kuka, bai san Yawuri ba. A 1968 aka datse kogin Kwara, ruwa ya haɗiye tsibiran Gungawa da gonakinsu da kaburburan kakanninsu, aka tashi mutum fiye da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. Madatsar tana haska manyan birane, mu da ke maƙwabtaka da ita a kan yi kwanaki ba mu ga ƙyallin wuta ba. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse da ɗimbin mutane kusa da Wara. Ba a gama karɓar gaisuwa ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, kuma sai a 2023 aka sako 'yan matan ƙarshe.

Duk da haka ina cewa gunaguni yana cin mu. Da 'yan'uwana Kirista nake, ko da yake na san maƙwabcina Musulmi zai gane hirar, don irinta ake yi a majalisarsu. A tashi sujada ranar Lahadi, a koma gindin bishiya: taki ya yi tsada, kifi ya gudu, hanyar Shanga ta lalace, fasto ya tsawaita wa'azi, yaran yanzu ba su da kunya. Kowa ya zuba nasa, a watse, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

A Littafin Ƙidaya sura 11, Isra'ilawa sun ƙoshi da manna a jeji, suka shiga kewar abincin Masar, har da kifi da albasa. Ɗan Yawuri ba zai karanta wurin nan bai murmusa ba, kamar da kasuwarmu ake. Sun tuna kifi, sun manta bulala da aikin tubali. Tsohon da ya bar tsibirinsa yana da haƙƙin yin kewa, ba na ja da shi. Wanda ke ba ni haushi shi ne saurayin da aka haifa shekara talatin bayan dam, bai taɓa taka tsibirin ba, amma shi ne hujjarsa ta ƙin noman rani, alhali sa'o'insa suna loda buhunan albasa a mota zuwa Kudu.

Akwai masu wa'azin da ke ɗauko Filibiyawa 2:14 su toshe wa jama'a baki, wai mai bi ba ya ƙorafi. Ban yarda ba. Annabi Habakuk ya tuhumi Ubangijinsa kai tsaye a kan zaluncin zamaninsa, kuma Zabura cike take da kuka. 'Ya'yan Zelofehad mata su biyar sun tsaya gaban Musa a kan gādon ubansu, aka gyara doka saboda su. A Ayyukan Manzanni sura 6, an tauye wasu gwauraye wajen rabon abinci. Da maganar ta isa kunnen manzanni, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, su riƙe aikin. Dukkansu wajen mai iya share hawaye suka kai kukansu. Namu a gindin bishiya yake kwana.

Ɗauki maganar jirgi. Kowa ya san abin da ke kashe mutane a tafkin nan: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun zamanin dam, da rashin rigar ceto. Mun yi ta zagin gwamnati, kuma ta cancanci rabonta. Amma mu nawa ne muka taɓa sauka daga jirgi ranar kasuwa muka ce wa mai shi ya yi yawa? Zumuntar Mata tana tara kuɗin anko, matasa suna tara na kayan kiɗa, ba wanda ya gagara. Shawarata, a zaman dattawan ikilisiya na gaba a sa rigar ceto a cikin lissafi, ko guda goma ce, a ajiye su a bakin gaɓa, Kirista da Musulmi kowa ya ara. Sauran abin da ya fi ƙarfinmu a rubuta shi a takarda, a sa hannu, mutum uku su kai wa hakimi da kansila, a kuma sa ranar komawa jin amsa.