Raddi ga masu cewa fita yaƙi tilas ne a kan kowane saurayi

Tun da ta'asar 'yan bindiga ta tsananta a yankin Isa da Sabon Birni, wata magana ke yawo a majalisun Sakkwato: wai mutanen unguwa na da ikon tilasta wa saurayi shiga 'yan sa-kai, wanda ya noƙe kuwa a ci shi tara ko a kore shi. Hujjoji uku ake kafawa.

Ta farko, wai yaƙi farilla ce a kan kowa. A mazhabar Malikiyya farillar kifaya ce, in wasu sun tsaya da ita ta sauka daga kan saura. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta sharɗanta izinin iyaye, aya ta 17 a Suratul Fathi kuma ta ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci. Gaskiya ne idan abokan gaba suka afka wa gari, kariya ta hau kan duk mai iko ba tare da neman izini ba. To amma wannan tare ɓarna ne a lokacin da take aukuwa, bai halatta tara samari a shiga da su daji farautar wanda ake zargi ba.

Ta biyu, wai haka magabata suka yi. Ƙofar Kware ta birnin Sakkwato tana kallon hanyar Kware, garin da Malam Abdussalami ya yi tawaye a 1817. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fara da musayar wasiƙu da shi, daga baya ya tura runduna, Kware ta faɗi a farkon 1818. Daga shugaba umarnin ya fito, haka kuma hukuncin wanda ya ƙi fita yake a hannunsa. Ka'abu bin Malik da abokansa biyu da suka ƙi fita yaƙin Tabuka, ƙauracewar kwana 50 aka yi musu bisa umarnin Annabi (SAW), ba a karɓe musu dukiya ba.

Ta uku, wai doka ta yi shiru. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana aikin tilas. Ya keɓe aikin gayya na al'ada, amma ɗaukar bindiga ba yashe kwata ba ne. Aikin soja na dole kuwa sai wanda Majalisar Tarayya ta kafa da doka, kamar yadda sashe na 220 ma ya nuna. Sojan Najeriya da ƙafarsa yake zuwa neman aiki, laifin gudu kuma yana hawa kan wanda ya riga ya shiga, kotun soja ce ke hukunta shi.

Saboda haka tarar da ake ɗora wa wanda ya ƙi fita ba ta da madogara a fiƙihu ko a dokar ƙasa, karɓarta cin dukiyar mutane ne ba bisa haƙƙi ba.