Ƙuri'a Shaida Ce: Kira Ga Ma'aikatan Sharaɗa, Challawa Da Bompai

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan wata tana fuskantar ma'aikatan da ke sammako zuwa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, masu jimar fata da masu aikin roba da masu lodi a bakin ƙofa. Da yawa daga cikinsu sun yanke wa kansu hukuncin cewa zaɓen ƙananan hukumomi ba abin da za a ɓata wa lokaci ba ne. Ba mu ga laifinsu baki ɗaya ba, domin abin da suka gani da idonsu ya isa ya sanyaya gwiwa. Ranar 10 ga Fabrairu, 2018, aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, jam'iyyar APC mai mulki ta kwashe su duka. Haka aka maimaita ranar 16 ga Janairu, 2021. Da mulki ya koma hannun NNPP, aka yi zaɓe ranar 26 ga Oktoba, 2024, ita ma ta kwashe shugabanni 44 da kansiloli 484, ba ta bar ko ɗaya ba. Mai hankali ya san ba a taɓa samun al'umma mai miliyoyin mutane da ra'ayinta ke juyawa gaba ɗaya, kamar garken tumaki, duk lokacin da aka canja gwamna.

Amma mu a wurinmu ƙuri'a shahada ce. Wanda ya dangwala wa ɗan takara ya shaida ne a gaban Allah cewa wannan mutum ya fi cancantar riƙon amanar jama'a. Shari'a kuwa ba ta wasa da shahada. Ƙarshen Suratul Baƙara ya hana ɓoye ta, ya kuma hana mai shaida ƙin zuwa idan an kira shi. Hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka fitar ya sanya shaidar zur a jerin mafi girman zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye, har Annabi (SAW) ya tashi zaune daga kishingiɗe yana ta maimaita ta.

Daga nan ne batun katin zaɓe ya shigo. Alƙalanmu na Malikiyya ba su karɓar shaidar mutumin da ba a san shi ba sai an yi masa tazkiyya, wato a sami adilai su tabbatar da shi wane ne, kuma baligi ne mai hankali. Tantance mai zaɓe da katinsa da fuskarsa da yatsansa reshe ne na wannan asali, ko da waɗanda suka tsara shi ba su yi nufin haka ba. Saboda haka wanda ya ari katin wansa, ko ya sayar da nasa, ko ya jefa ƙuri'a sau biyu, ko ya tura yaron da bai kai shekara 18 ba ya shiga layi, ya aikata zur, kuma kuɗin da ya karɓa a kai haramun ne. Bayan zaɓen 2018 hotunan yara ƙanana suna dangwale suka bazu a ƙasar nan, aka yi ta yi wa Kano dariya. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta kafa kwamiti, daga baya ta ce ta bai wa hukumar zaɓen jiha, KANSIEC, rajistar masu zaɓe, amma galibi ba a yi aiki da ita ba wajen tantance mutane. Ashe rajista tana nan, aka ajiye ta gefe. INEC ta shigo da na'urar karanta kati a 2015, ta yi babban zaɓen 2023 da na'urar BVAS. Muna kira ga hukumar jiha da ta ɗauki tantancewa da irin wannan nauyi, kada a miƙa wa kowa takardar ƙuri'a sai an ga sunansa a rajistar rumfarsa.

Ga kuma matsalar da ta keɓanci ma'aikaci. Mutum yana zaɓe ne a rumfar da ya yi rajista. Ɗan'uwanmu da ya baro ƙauyensu shekara goma, yana haya a Panshekara ko Dakata, katinsa har yau na can gida ne. Ranar Asabar ake zaɓe, ana taƙaita zirga-zirga, ga shi Litinin da asuba yana da aiki. Sai ya zauna a ɗaki. Alhali Challawa tana ƙarƙashin Kumbotso, Bompai tana Nasarawa, mazaɓar Sharaɗa tana ƙaramar hukumar Birni, kuma waɗannan majalisu ne tsarin mulki ya ɗora wa kwashe shara da gyaran magudanan ruwa da kasuwanni da maƙabartu, da hannu cikin firamare da asibitin sha-ka-tafi. Gaskiya ne kansila ba shi da ikon rufe majemar da ke zuba ruwan dagwalo a kogin Challawa, ko masana'antar da ke gurɓata rafin Getsi. Wannan aikin hukumomin muhalli na jiha da tarayya ne. Amma shi ne ya kamata ya ɗauki kukan unguwa ya kai, kuma ba zai ɗauka ba muddin ya san ba ku kuka ɗora shi ba.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a doka. Duk yadda aiwatarwa ta kasance, dukiyar da ake ja a kanta ta marayu ce da gajiyayyu. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, ya sha suka a zamaninsa saboda kiran Musulmi su yi rajista su kuma bar matansu su yi, bai fasa ba.

Don haka muna umartar rassanmu na waɗannan yankuna da su bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista, wanda ba shi da kati ya je ya yi, wanda nasa ke ƙauye ya nemi a sauya masa zuwa rumfar unguwar da yake zaune, wanda nasa ya ɓata ya nemi madadi, a tafi da mata da 'ya'yan da suka kai shekaru. Masu masana'antu, musamman Musulmi daga cikinsu, su ba ma'aikaci rabin yini ya je ya karɓo katinsa ba tare da an yanke masa lada ba. Ranar zaɓe kuma 'yan agajinmu su tsaya a rumfunansu cikin natsuwa, ba da sunan wata jam'iyya ba, har a ƙirga a gabansu, su rubuta adadin, su kawo wa shugaban reshe.